Ranar da uwar cikin fim ta dawo

Mai ɗura fina-finai na bakin tashar Tasawa ne ya ja mini. Na ce ya sa mini ci gaban fim ɗin da ɗiyar yayana take so, ya sa, ya ce kashi na biyu ne. Bai faɗa mini labarin baya ya koma ba. Ni kuwa, sakarya, ban tsaya dubawa ba.

Shekarar yarinyar bakwai a lokacin. Uwarta ta rasu bayan doguwar jinya, na je Attantane na roƙi yayana ya ba ni ita in sa ta lakwal, makarantar boko. Sai da na yi sawu uku kafin ya yarda, kuma da sharaɗi: ranar da ya ga ba ta jin daɗi, zai ɗauke abarsa. Ni ban taɓa haihuwa ba. Ita ta cika mini ɗaki, ba na jin kunyar faɗa.

Fim na farko ta kalle shi ya fi a ƙirga. Wata ƙasa ce da duwatsu ke tafiya, kifaye na yawo a sama, an juya maganar fim ɗin zuwa Hausa. Tun farkonsa uwar wasu yara take mutuwa, su binne ta, su kama hanya su kaɗai.

Wata Lahadi yayana ya shigo gari sayen maganin feshin wake, ya biyo ta gidana da azahar. Ya ci abinci ya kishingiɗa a tabarma. Na kunna tele don yarinyar ta bar shi ya huta. Ba a jima ba sai ga matar nan da aka binne, garau da ita, tana tsalle daga dutse zuwa dutse tana dariya.

Yarinyar ta miƙe zumbur. "Gwaggo, ta dawo!" Ta juya wajen ubanta. "Baba, ashe ana dawowa? Inna ma za ta dawo?"

Innalillahi.

Yayana ya tashi zaune. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa nake tsoronsa. "Abin da kike koya mata ke nan? Wanda aka kai makwancinsa ya taso?"

"Yaya, wallahi ban san..."

"Haɗa mata kayanta. Yau za mu tahi."

Na shiga ɗaki, na cusa rigunanta cikin jaka. Ina jiyo fim ɗin yana ci gaba, don babu wanda ya kashe. Sai na ji wata tsohuwa a ciki tana yi wa matar faɗa, tana cewa wa zai auri mai taurin kai irinta. Na leƙo. Matar ba goyo, ba miji, kitson 'yan mata ne a kanta.

Na fito da jakar na dire ta gabansa. Tsoro ya sake ni, zuciya ta ɗauke ni.

"Ga kayan nan. Amma kafin ka tahi, buɗe idonka ka duba. Ba dawowa ta yi ba. Wannan tun ba ta yi aure ba ne, tun ba a haifi yaran ba. Baya suka koma."

"Fim yana komawa baya?"

"Wannan ya koma! Kuma ni na ce ya fi na farkon. Can ba abin da aka nuna mana sai gawarta. Nan ga ta da ƙafafunta, da tsiwarta, da uwarta tana yi mata faɗa. Ɗiyarka fa? A kwance ta san uwarta, Yaya. In an kira sunanta a gabanka sai ka tashi ka bar wurin. Wa zai gaya mata?"

Na san na wuce gona da iri. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni har na sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan, na rasa ta da bakina.

Sai yarinyar ta matsa kusa da shi. "To Baba, Inna tana da na baya?"

Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce. Ya ce ranar kasuwar Urafane ya fara ganin uwarta. Ragonsa ne ya tsinke ya sa baki a kwaryar wakenta, ta zari sanda ta bi shi har bayan rumfunan masu nama. Da ragon ya tsere mata, sai ta juyo kan mai ragon. Ya ce shi ma gudun ya yi, duk kasuwa na yi masa dariya.

Yarinyar ta tuntsure, ta ce ya sake. Ya sake. Ya ƙara da wani, da wani, har aka kira la'asar. Ni ina raɓe a bakin ƙofa, ko motsi ban yi ba.

Da ya idar da salla ya ɗaure maganinsa a bayan moto, babur ɗin da ya zo da shi. Ya dubi jakar, ya dube ni.

"Mayar mata da kayan," in ji shi. "Bakinki dai sai addu'a."

Muka tsaya har ya sha kwana. Na zauna a dakali. Yarinyar ta hau cinyata, ta kama haɓata ta juyo da fuskata.

"Gwaggo," ta ce, "ashe Inna ta iya gudu."