Goggo Mai Bin Kukan Zarto

Goggo mai wanki ba ta iya zama wuri ɗaya. Da ta jiyo kukan injin zarto, sai ta tsame hannu daga kumfa, ta ja baro ta fice. Shekara tara ke nan rabonta da sayen itace. Ta san halin masu saran bishiya sarai: kwashe rassa wahala ce gare su, don haka duk wanda ya riga tambaya shi ke ɗauka kyauta.

"Goggo, ki tsaya ki sha ruwa mana," in ji 'yar ƙanenta.

"Ruwa gudu yake yi? Itace ne ke gudu!"

Ran nan ta ji ana sara a bayan tasha. Ta yi sammako, ta tarar an kwashe, ko ɓawo ba a bari ba. Tana hanyar dawowa sai ga kukan zarto kuma. Ta bi shi lungu-lungu, baro na ƙara, har ya kawo ta ƙofar gidanta. Bishiyar da take ɗaura igiyar shanya ce kwance a ƙasa, wai rassanta sun taɓa wayar lantarki.

"Ɗan nan, itacen fa?" ta tambayi mai zarton tana haki.

Ya share gumi, ya nuna maƙwabciyarta da ke ta jan rassa zuwa gidanta.

"Haba Goggo, ke da kika san ƙa'ida? Ita ta riga tambaya."