Ranar da Ilarie Ya Manta Sufana

Ana ta yaɗawa a ƙauyenmu wai kunnen hagu na taubashina Ilarie yana kamo tashar Bulgeriya, in ya juya ƙeya har labarai ake ji. Ƙarya ce tsagwaronta. Kunnen dai ya kai faifai, ban musa ba, amma ni da muka tashi ɗaki ɗaya ban taɓa ganin ya kamo ko kiran uwarsa ba.

Ga yadda aka yi. Zamanin da talabijin ɗin ƙasarmu ke aikin awa biyu kacal a rana, su ma rabi jawabi rabi tafi, mai son ƙwallo sai ya juya eriya tsallaken kogin Danube, wajen Bulgeriya. Akwati ɗaya ne a layinmu, na Tudose mai gadin rumbun gwamnati. Eriyarsa ta murfin tukwane ce da waya, ba ta kamawa sai an hau rufi an riƙe. Ilarie kuwa dogo ne kamar falwaya, ga kunya.

"Hau, ƙanena, in an je hutun rabin lokaci zan karɓe ka," in ji Tudose.

Shekara huɗu hutun nan bai zo ba. Ko ƙwallo ɗaya bai ga ta shiga raga ba, ihu kawai yake ji ta taga: "Hagu kaɗan! Kai, ka ɓata! Tsaya nan, kada ka yi numfashi!" Ran nan ƙanƙara ta yi masa dukan kawo wuƙa, ya sauko yana kakkarwa, ya tarar an cinye tuwon masara da cuku. Tudose ko kallonsa bai yi ba ya ce, "Wa ya ce ka sauko? Saura minti goma."

Daga ranar ya ƙulla. Gwamnati ta faɗi, farantan tauraron ɗan'adam suka shigo, ya koyi kafa su har ya zama babu na biyunsa a gundumar. Kowa ya yi wa aiki, ban da gida ɗaya. Da aka sauya tsarin tashoshi tsofaffin eriya suka mutu, Tudose ya zo da furfurarsa, hula a hannu.

Ilarie ya amsa da fara'a. Bai je ba sai yammacin wasan ƙarshe na kofi. Ya ɗora farantin kan sanda a bayan gida, daidai kejin dinya, ya lalube aljihu.

"Ash, na manta sufana! Riƙe nan, yayana, in duba hoton."

Ya shige ɗaki ya miƙe ƙafa a kujerar maigida. Minti casa'in, da ƙarin lokaci, da bugun fenareti, dinya na tsattsagar ƙwaurin Tudose, muryar Ilarie na fitowa ta taga: "Hagu kaɗan! Kada ka yi numfashi!" Na rantse har Bulgeriya an ji.

Jiya na same shi yana naɗe waya na ce, "Haba, mai kunnen faifai, ƙullin shekara talatin! Yanzu dai ranka ya yi sanyi ko?"

Bai ɗago ba. "Ku bakwai ne a ɗakin Tudose ranar ƙanƙarar nan. Kai ne a gaba, bakinka cike da cukuna, muryarka ta fi ta kowa. Intanet ɗin gidanka wa ya ja maka wayar? Je ka nemi tsani tun gwiwarka na da sauran ƙarfi."