Awa Ukun Minti Arba'in

Shekara ashirin da biyu ina jona wayoyi da ɗaukar sifiku a gidajen rawa, don haka in na ce wane ya iya kiɗa, ba shawarar kowa nake nema ba. Wadda zan ba ku labarinta 'yar ƙanwata ce, amma kada ku ce son kai ne. Ni na fara ce mata ba za ta iya ba.

Sauran ranaku tana shagon gyaran waya, tana canza gilashi da batir. Ran Lahadi kuma tana zuwa tsohon siton da aka mayar gidan rawa, inda ake kiɗan na'ura daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa tara. Ita ce DJ ta farko, mai buɗe fili. Manaja ya yanka mata minti arba'in, lokacin da babu kowa sai masu goge tebur da ni. A sana'armu tsawon lokacin da aka ba ka shi ne girmanka: manya awa uku ko huɗu, 'yan koyo abin da ya ragu. Nan da nan aka laƙaba mata Minti Arba'in. Har uwarta ta ɗauka. "Minti Arba'in, zo ki kwashe kwanukan nan!"

Ranar farko ta ba ni haushi. Fili wayam, ita kuwa ta saki kiɗa mai gudu kamar ana bin ta da sanda. Na rage sauti na haura wurinta.

"Ke, wa kike kora?"

"Kawu, so nake a san na iya."

"To ba a sani ba. Mai buɗe fili ba ya saka waƙar wanda zai hau bayansa, kuma ba ya fin sa gudu. Ɗumama wuri za ki yi ki miƙa masa. In ba za ki iya ba, koma kan batir."

Ta sha mur, kwana uku ba ta gaishe ni ba. Amma ta ji. Shekara biyu tana wannan minti arba'in ɗin, tana kuma tara waƙoƙi a filashi lokacin hutun cin abinci, har suka haura ɗari uku, yawancinsu ba ta taɓa samun damar sakawa ba. Sau huɗu tana roƙon Manaja ƙarin lokaci, sau huɗu yana ce mata za a duba.

Sai ga makon da aka gayyato wani babban DJ, wanda muke kira Baƙo. Shi aka ba duk sauran lokacin. Manaja ya kira ta gabana ya ce, "Aikin nan naki kwamfuta ma za ta yi. Yau mutane za su zo da wuri. In Baƙo ya hau ya tarar da su a zaune, mako mai zuwa kwamfutar zan jona."

Biyar saura minti ashirin ta yi, babu Baƙo. Motarsa ta lalace a hanya. Manaja ya yi mata alama da hannu ta ci gaba, ta ci gaba. Biyar da rabi wuri ya cika maƙil. Ƙarfe shida aka fara ihu, ana kiran sunan waƙar nan ta Baƙo da kowa ya haddace. Manaja ya haura yana gumi.

"Kina da ita?"

"Ina da ita."

"To saka mana!"

"Tasa ce, ranka ya daɗe. Shi zai saka."

Wallahi ni kaina sai da na haura wurinta. Na raɗa mata, "Saka masa, aikinki ne fa zai tafi." Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Kawu, kai ka koya min."

Na koma kujerata kunya ta ishe ni, na zuba ido. Ashe ba masu ihun take kallo ba. Wata mata ce mai jiki a jikin ginshiƙi, riƙe da jaka, kafaɗarta kaɗai ke motsi. Yarinyar nan ta ƙara gudun kiɗa da bugu biyu kacal a minti. Ta janye ƙasan sautin, wato bugun nan mai nauyi, ta bar mutane suna jira har suka fara kallon juna, sannan ta sako shi. Matar ta ajiye jaka. Shi ke nan, na bayanta suka biyo ta, masu ihu suka manta abin da suke nema. Ta riƙe su a haka, ba ta bari sun zauna ba, ba ta kuma ƙarar musu da ƙarfi ba.

Bakwai saura kwata Baƙo ya shigo ta ƙofar baya, hannunsa duk baƙin mai. Bai hau ba. Ya tsaya kusa da ni ya fi minti goma yana saurare.

"Ta saka waƙata?"

"Ba ta saka ba."

"Tun yaushe take kai?"

"Tun huɗu."

Ya leƙa na'ura ya ga lambar gudun, ɗari da ashirin da biyu, shi kuwa a ɗari da ashirin da shida yake farawa. Ya kaɗa kai. Ƙarfe bakwai daidai ta cire abin kunnenta ta matsa gefe. Baƙo ya hau, waƙar farko da ya saka ita ce waccan. Kai! Na ɗauka kwanon rufin zai tashi. Kowa sunansa yake kira, ita tana bayan sifika tana shan ruwa. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce, "Ke kika dafa, shi ya ci." Ta yi dariya ta ce ai aikin ke nan.

Da aka tashi, Baƙo ya zo har inda take naɗe waya, ya miƙa mata hannu biyu. Ya juya ya tambayi Manaja minti nawa ake ba ta. Da ya ji amsa sai ya zuba masa ido, har Manaja ya fara sosa ƙeya. Nan take Manaja ya ce daga mako mai zuwa ita za ta riƙa rufe taro, wurin manya.

Ta gama naɗe wayar tsaf, ta rataye ta a ƙusa.

"Na gode, ranka ya daɗe, amma a bar min farkon. Shi na iya. Sai dai awa uku."

Manaja ya ba ta awa ukun, amma har yau Minti Arba'in muke ce mata, tana kuma amsawa. Ni ne dai na shiga uku: yanzu dole in gama jona wayoyi tun ƙarfe uku, don huɗu saura kwata an riga an yi layi a ƙofa.