Yashin da Gwaggo ta shanya

Ana idar da sallar asuba muka bar Bompai, ni da ƙanwata mai karatun ilimin ƙasa, bayan mota cike da guntayen bututun ƙarfe da guduma. A Sharada muka tsaya shan koko cikin ma'aikatan da adaidaita ke saukewa a bakin masana'antu. Ƙosai ya ƙanƙance har na tausaya masa, kuɗinsa ne kawai ya girma.

Wani rami muka nufa a bakin kogin Challawa, inda masu ɗibar yashi suka yanke gaɓa har ana ganin ƙasar hawa-hawa. So take ta gano tun yaushe kogin ya jibge yashin. Wai ƙwayar yashi tana riƙe da lissafin zamanin da ta yi a binne, amma da zarar rana ta gan ta lissafin ya goge. Shi ya sa ake buga bututu a jikin gaɓa a toshe bakinsa, sai a ɗaki mai duhu za a buɗe a auna. Digirinta a kan yashin nan ya rataya, ga hadari yana haɗuwa. Ruwa na sauka ramin ya cika ke nan sai baɗi.

Da azahar, bayan mun cika bututun da yashi mun toshe, muka biya gidan Gwaggo a Panshekara, muka shigar da kayan ciki, ta cika mu da dambu har barci ya sace mu. Muna farkawa sai ga yashinmu a tsakar gida bisa tabarma, an baje shi kamar gero.

Gwaggo ta ce, "Na ji shi da danshi ne, 'yar nan, na ce kada ya lalace miki."

Ƙanwata ta zauna daɓas tana hawaye. Wallahi su biyun sun ba ni tausayi. Da na yi wa Gwaggo bayani sai ta riƙe haɓa.

"Au, ashe a kulle yake? Ku tashi mu koma."

Muka koma, iska tana ta kaɗawa. Gwaggo ta gangara ramin da ƙafarta mai ciwo, ta ware mayafinta ta lulluɓe ƙanwata da bututun, sannan ta harare ni.

"Kai, juya baya, ba muharraminsa ba ne kai."

Ana toshe na ƙarshe ruwa ya kece.

Magariba ta riske mu a Bompai jiƙe sharkaf, bututun naɗe cikin mayafin. Na koyi cewa in ka kai kaya gidan mai ƙaunarka, gaya mata abin da ke ciki kafin ka ci dambu. Mayafin yana wurinmu har yanzu. Gwaggo ta ce kada a mayar mata sai an zo da shekarun amaryar da ke cikin bututun.