Samfurin Isiyaku

Safiyar da muka cire samfurin Isiyaku daga bincikenmu na sikila ba za ta bar raina ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin gwaji a Lafia. Ni ke ɗibar jini, ni ke zama gaban kwamfuta.

Ga wanda bai san aikin ba: muna tura jini waje, a karanta kowace ƙwayar halitta ita kaɗai, a dawo mana da bayanai. Wata manhaja ta tara ƙwayoyin rukuni-rukuni bisa kamanninsu, wata ta raɗa musu suna. Sai mu ɗora sakamakon biyu a manhaja ta uku, mu ga inda suka saɓa.

Isiyaku ƙanena ne, da sikila aka haife shi. Da ƙafarsa ya zo daga Doma ya miƙo mini hannu. Ya ce, “Yaya, ɗebi da yawa, jinina zai riga ni hawa jirgi.” Ya rasu kafin bayanan su dawo.

Da na kwatanta, komai ya daidaita sai wani ƙaramin rukuni. Manhajar farko ta ware shi gefe, ta biyun ta kasa ba shi suna. Kusan duk ƙwayoyin nasa ne. Na sa rai mun gano wani abu game da cutar.

Na kira Dakta, shugaban ɗakin. Ya daɗe yana dubawa.

“Malama Rabi, ƙwayoyin nan sun fara mutuwa kafin a karanta su. Ba makon da firiza ta tsaya kika ɗebi wannan ba?”

“Makon ne, Dakta. Ba a kawo dizal na janareta ba.”

“To a cire. A kira mai jinin a sake ɗiba.”

Shi lambar samfurin kawai yake gani, ba sunan mai shi ba. Na ce, “Ya rasu. Ƙanena ne.”

Ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya ce, “Allah ya jiƙansa. Amma in muka bar shi, ƙarya za mu rubuta a kan yaran da ke raye.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya fi ƙona mini rai. Da hannuna na cire. Sakamakon biyu suka daidaita tsaf, aka yaba aikin.

Ku da kuke sabbin zuwa, manhaja za ta nuna muku samfurin da ya lalace, amma ba ta san wanda ya bayar ba. Kafin ku kunna kwamfuta, ku leƙa firiza. Wani mai jinin ba zai sake zuwa ba.