Ranar Da Muka Ƙetare Gulbi Tare Da Shanu

Shekarar da ruwa ya cinye fadamar Jega har ya hau unguwannin gangare, ina budurwa, ban jima da dawowa daga Aliero ba, inda goggona ta riƙe ni tun ina ƙarama. Aliero garin albasa ne. Ruwan da na sani a can bai wuce na rijiya da wanda ake kwarara wa fangalin albasa ba. Gulbi kuwa sai dai in hango shi ta tagar mota, kafin in gyara zama mun wuce.

A cikin wannan damina yayata ta haihu. Tana aure a wani ƙauye ta wajen Maiyama, wanda da rani ɗan kabu-kabu ke kai mutum har ƙofar gida. Amma ruwa ya shafe hanyar, ba mai shiga ba mai fita sai da jirgi. Inna tana fama da ƙafa, ga shi ko kwatarniya ta cika ba ta son leƙawa, don haka aka ce ni zan bi Baba in kai kayan barka, in zauna har a yi suna.

Baba mahauci ne a kasuwar Jega, haka mahaifinsa. Mutum ne mai ƙarancin magana, hannuwansa duk tabon wuƙa, rigarsa ko an wanke sai ka ji ƙanshin kitse da hayaƙi. Da yake ban tashi a gabansa ba, ina jin nauyinsa ƙwarai. Na sha ganinsa a kara, kasuwar shanu, yana zagaya bijimi, ya matsa tozo, ya daki kwiɓi, ya juya ya tafi ba tare da ya dubi idon dabbar ba. A tunanina na lokacin, saniya a wurinsa nama ce da ba a kai ga yankawa ba.

Da hantsi muka fita. Na ɗauko kwano cike da ƙafafun saniya da Baba ya babbake da kansa don mai jego, da ƙullin yaji da kanwa. Ba mu yi nisa ba na ga abin da ban taɓa zato ba. Filin da na san 'yan kabu-kabu na jeruwa ya zama bakin ruwa. Jirage ne birjik, wasu masu inji, wasu na gora, masu su suna kiran sunayen ƙauyuka kamar a tashar mota. Mai ƙosai ta matso da kaskonta nan, mai shayi ya kafa tebur. Mutane suna tattare riguna suna shiga, kamar tun da aka kafa garin haka ake tafiya.

Jirgin da muka samu dogo ne, na katako, da inji a baya. Mai shi Basarke ne, cikin masuntan gulbi, dattijo baƙi siriri, ya ɗaure kai da tsumma. Shi yake nuna wa kowa inda zai zauna, kuma ba a yi masa gardama. Ya sa ni a gefe, Baba a gabana. Akwai mata da buhunan da ba su cika ba, da wani saurayi da ya kwantar da babur ɗinsa a tsakiya yana riƙe da shi kamar mara lafiya, da wani malamin makarantar allo da ya naɗe littattafansa a leda ya ɗora a cinya. Da jirgin ya motsa na ji ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina. Na riƙe katako gam.

Da farko cikin gari muka bi. Wannan shi ya fara ɗaure mini kai. Lungun da na bi da ƙafa watan jiya zuwa gidan ƙawar Inna, yau ga mu muna ratsa shi a kan ruwa, ina leƙa tsakar gidajen mutane ta saman katanga. Na ga turmi yana yawo shi kaɗai a wani gida. Na ga kaji sun jeru a reshen dogon yaro, sun yi shiru. Wani masallaci ruwa ya kai masa rabin taga, tabarmi an ɗora su a kan rufi. Jirage suna gilmawa ta lunguna, ana gaisawa, wannan ya ba wancan hanya. Wani jirgi ya tsaya a bakin wata katanga wata tsohuwa ta sauko cikinsa daga kan tsani.

Daga nan gidaje suka ƙare, sai duniya ta buɗe. Ban san yadda zan faɗa ba. Ruwa ne ja-ja, ko'ina, har inda ido ya gaza, sama ta sauko ta haɗe da shi. Ba gaɓa, ba hanya, sai kawunan giginya can da can. Na dubi ƙasa kusa da jirgi na ga zangarniyar dawa tana kaɗawa a ƙarƙashin ruwa, wato a kan gonar wani muke tafiya. Wata mata ta nuna wani wuri da ba komai sai kumfa, ta ce wa ta kusa da ita nan shinkafarsu take. Ba ta yi kuka ba, ta dai daɗe tana kallon wurin. Tsoron da nake ji ya sauya kama. Na daina tunanin nutsewa, na koma jin ƙanƙantata. Malamin nan yana ta tasbihi a hankali, na tarar bakina yana bin nasa.

Muna gab da shiga uwar gulbin, inda ruwa yake da ƙarfi, sai mai jirgi ya kashe inji. Shiru ya sauka. Wasu suka fara tambaya ko lalacewa ya yi. Ya nuna gaba da haɓa.

Na ɗauka itatuwa ne ruwa ya ɗebo, rassa busassu masu yawa suna tahowa. Sai na ji numfashi. Huci ne mai nauyi, daga hanci da yawa, yana tashi a kan ruwa kamar ana zuga zugazugai a maƙera. Rassan nan ƙahoni ne. Garke guda na jajayen shanu masu dogayen ƙahoni ne suke iyo, ruwa ya kore su daga makiyayarsu suna neman tudu. Ba ka ganin komai nasu sai ƙaho da ido da hanci, da ɗan tozo jefi-jefi. A gaba wani bijimi ne, kansa kaɗai ya kai faɗin tabarmar salla. Makiyayin, wani Bafillace, yana riƙe da wutsiyarsa da hannu ɗaya, ya ɗaure malafa da sanda a ka, yana yi musu wani kira da Fillanci, siriri mai tsawo. Duk lokacin da ya yi kiran sai ƙahonin nan su gyara layi su bi shi. Ban taɓa sanin saniya tana iyo ba. Ban taɓa sanin mutum zai iya shiga ruwa irin wannan ba jirgi ba gora, ya dogara ga Allah da wutsiyar bijimi.

Mai jirgi ya ɗauki filafilin tuƙi yana riƙe mu wuri ɗaya don su wuce.

Baba ne ya fara ganin maraƙin. Ɗan ƙarami ne, ya rabu da garke, ruwa yana jan sa ƙasa ta wajenmu. Kansa ya nutse, ya ɓullo, ya sake nutsewa. Uwar ta juya tana wani kuka da ruwa ke shaƙewa, amma sauran shanu sun tokare ta. Makiyayin ya gani. Na ga ya waiga, ya sake waigawa, bai saki wutsiyar ba. Daga baya na gane in ya saki, bijimin zai iya juyawa, garken duka ya watse a tsakiyar gulbi.

Baba ya ce, “Mai jirgi, matsa mu ga wanga maraƙi.”

Mai jirgi ya ce uwar za ta biyo, in ta sa ƙirji ta tunkuɗe mu ba mai fita, ga mata a ciki.

“Ba ta tunkuɗewa,” in ji Baba. “Ɗanta taka so. Kai dai matsa.”

Mai jirgi ya dubi Baba, ya dubi ruwa, sannan ya ce kowa ya karkata hagu, kada wanda ya miƙe. Ya ja filafili, muka zame gefe. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya jefo mini, ya durƙusa, ya miƙa rabin jikinsa waje. Saurayin mai babur ya saki babur ya riƙe masa ƙugu. Karon farko Baba ya kuskure. Na biyu ya damƙi kunne, ya zura ɗaya hannun ya kama gindin wutsiya, ya yi wata juyawa da kafaɗa, sai ga maraƙi a cikin jirgi tare da ruwa mai yawa. Jirgin ya yi tangal-tangal, mata suka yi salati, malam ya rungume littattafansa. Sannan muka daidaita.

Maraƙin ya kwanta kamar ba rai, harshe a waje. Baba ya ɗaga ƙafafunsa na baya, ruwa ya zubo ta hanci. Ya sa yatsa ya share masa baki, ya kwantar da shi, ya karɓi rigar daga hannuna, rigar da ya sa don zuwa gidan surukai, ya shiga goge shi da ƙarfi, daga wuya zuwa haƙarƙari. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, irin yadda ake lallashin yaro mai zazzaɓi. Ban taɓa jin wannan murya a bakinsa ba. Can sai maraƙin ya yi tari, ya girgiza kunne, ya yi ɗan kuka.

Uwar ta ji. Ta ratso ta iso, kuma daidai inda nake zaune ta ɗago kai. Ƙahonta ya wuce saman kaina. Hancinta yana gogar katako kusa da hannuna, hucinta mai ɗumi yana sauka a damtsena, idonta babba, baƙi, da dogon gashi jiƙe, ina ganin kaina a ciki. Ba ta ko kula ni ba. Baba ya turo kan maraƙin bakin jirgi ta shinshina shi, ta yi wani gurnani daga can cikin ƙirji wanda na ji shi har a katakon da nake zaune.

Mai jirgi bai sake ta da inji ba. Ya ce ƙara za ta firgita ta, kuma ba za ta iya cim mana ba. Ya miƙa wa saurayin filafili guda, suka dinga tuƙi a hankali, saniyar tana iyo a gefenmu. Ba a jima ba muka tsinci kanmu a tsakiyar garken, ƙahoni dama da hagu, wani lokaci ɗaya ya ƙwanƙwashi jirgi. Farfaru balbelu suna bin mu ta sama, wasu har suna sauka a tozon shanu. Ba ƙarar komai sai huci, da kiran makiyayi, da filafili yana shiga ruwa. Wata mata da ke ɗebe ruwan jirgi da ƙoƙo ta tsaya da ƙoƙon a hannu ta manta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san dai ban so mu isa ba.

Da ƙafar bijimin ta taɓa ƙasa sai ya fara fitowa daga ruwa, tozo, gadon baya, ciki, kamar gini yana tasowa. Sauran suka biyo, ruwa yana zuba daga jikinsu. Baba ya sauka, ruwa iya cinya, ya saɓi maraƙin a kafaɗa ya kai shi kan ciyawa. Uwar ta bi shi a baya tana lasar ɗan tun yana kafaɗarsa, har tana haɗawa da ƙeyar Baba.

Makiyayin ya iso yana rawar sanyi, leɓɓansa sun yi toka. Ya durƙusa ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya yi ta godiya da Hausa da Fillanci a gauraye. Ya ce ya riga ya sallama maraƙin. Ya ce wanda ya kama maraƙi haka ya san shanu, ya tambayi Baba ko shi ma yana kiwo.

Baba ya ce, “A'a. Ni mahauci na.”

Bafillacen ya dubi Baba, ya dubi maraƙin da ya riga ya miƙe yana laluben nono. Sai ya fashe da dariya har yana dafa ƙasa. Mai jirgi ya kama, malam ya kama, har Baba ya yi murmushi yana matse riga.

Jirgi ya ƙarasa da mu ta wata 'yar kwana zuwa bayan ƙauyen. Baba ya shiga gidan surukai da jiƙaƙƙiyar taguwa da gashin maraƙi a wuya, aka ara masa riga. Da aka tambaye shi hanya, cewa ya yi lafiya lau, ruwa dai ya yi yawa. Ni na yi ta ƙoƙarin ba yayata labari, amma duk yadda na faɗa sai in ji bai kai ba, ita kuma hankalinta yana kan jaririyarta. Washegari Baba ya koma Jega saboda kasuwa.

Ranar suna da safe, muna tsakiyar daka, wata Bafillata ta yi sallama da ƙwarya a ka. Ta ce suna nan kan tudu bayan gari, mijinta, makiyayin nan, ya yi tambaya har aka nuna masa gidan da mahaucin Jega ya sauka. Ta sauke ƙwaryar, kindirmo ne mai kauri da curin man shanu a kai, ta ce na mai jego ne. Muka shimfiɗa mata tabarma, aka miƙa mata jaririyar, ta zauna da mu har azahar.