Na Sayar da Gidan Wanda Ya Tafi Hajji

Ni haifaffen Haɗeja ne. Ubana manomin shinkafa ne a fadama, mutumin da bai taɓa cin abin wani ba. Ba zan faɗi sunana ba saboda jikokina. Samari, ku nake so ku ji wannan.

A zamanin Turawa, ina saurayi, dillancin busasshen kifi nake yi a kasuwa. Na fara da ƙara ɗan wani abu a kan abin da mai kaya ya yanka, in jefa aljihu. Ba wanda ya gane, sai na daina jin nauyin abin. Daga nan na koma zaman ƙofar alƙali. Na iya baki, na haddace kalmomin shari'a, na naɗa rawani.

A wancan lokaci, mai sayen gida sai ya je wurin mai unguwa, a kira maƙwabta da magada su tabbatar da mai shi, sannan a tafi gaban alƙali da shaidu a rubuta. Mutanen ƙauye suna tsoron wannan hanya. Sai in tare su in ce, "Bar mini wahalar, duk na san su." In karɓi goro da sunan magatakarda, wanda bai ma san ana yi ba.

Wata shekara kogi ya yi ambaliya, ya cinye ƙauyuka. Wani masunci mai suna Garba ya shigo gari da iyalinsa da tsohuwar uwarsa, wadda ƙafafunta suka mutu. Ya sayar da shanun da suka tsira, yana neman gida. Aka nuna masa ni.

A unguwarmu akwai gidan Malam Bukar, mutumin Barno, wanda ya tafi Hajji a ƙasa da matarsa. Shekaru sun shuɗe ba labarinsa, har ana cewa ya rasu a Sudan. Ba shi da dangi a gari, mai unguwar da ya san shi kuma ya mutu. Na ɓalle kwaɗon ƙofar gidan, na zaga da Garba ɗaki ɗaki.

Ya ce, "Malam, ba za mu ga maƙwabta ba?"

Na ce, "Ni ne wakilin mai gida. Me maƙwabci zai gaya maka wanda ban sani ba?"

Ya ji kunya ya bar maganar. Maƙwabtan ma cewa na yi da su malam ya aiko mini da saƙo ta hannun fatake.

Na sayi shaidu biyu, suka ce a gabansu Malam Bukar ya wakilta ni. Alƙali ya daɗe yana dubana, sannan ya ce in yi alwala. Aka ɗauko Alƙur'ani. Ban yi zaton za a kai nan ba. Na ɗora hannu, na rantse. Aka rubuta wa Garba takarda, ya fito yana sa mini albarka.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Kaina ya yi ciwo, in ce rantsuwa ce ta fara ci. Hadari ya taso, in shige ɗaki in toshe kunne don tsawa. Na daina bin layin gidan, domin tsohuwar tana zaune a zaure, in ta gan ni sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, Allah ya ba ka gida a Aljanna." Wannan addu'a ta fi zagi firgita ni.

Damina ta zagayo. Wata ranar kasuwa ina tsaye a rumfar kifi, na ji ana cewa, "Alhaji, barka da sauka!" Na waiga. Malam Bukar ne, ya rame, gemunsa ya yi fari, yana dogara sanda. Na sulale na bar rumfar. Ban koma gida ba. Na san 'yan doka za su fara nemana a hanyar tashar jirgin ƙasa, don haka na yi kudu, bakin kogi, in ƙetare zuwa ƙasar Katagum.

Ruwa ya cika ya tumbatsa, ga shi ban iya iyo ba. Na faɗa kwalekwalen da na fara tararwa, na rufe fuska da rawani, na ce a yi sauri. Matuƙin yana bayana da malafa, ban ko dube shi ba. Sai da muka kai tsakiya, inda ruwa ke juyawa, ya tsai da tuƙi.

"Malam wakili," in ji shi, "mai gida ya dawo."

Garba ne. Da safe Alhaji ya je ƙofarsa, ya same su a ciki. Na dubi ruwa, jajir, yana jan rassan itace. Na dubi hannunsa a kan filafili. In ya karkata kwalekwalen kaɗan kawai, shi ke nan, ba mai tambayarsa. Na yi fitsari a wando. Na ce, "Garba, don Allah, don Annabi."

Ya ce, "Jiƙa gemunka ma ba zan yi ba. Kai ka kai ni gaban alƙali, yau ni zan kai ka."

Ya juya da mu.

A kotu shaiduna suka tona komai tun kafin a matsa musu. Aka mayar wa Alhaji gidansa, aka yi mini bulala, aka kai ni gidan yari na En'e. Abin da na karɓa na riga na cinye, ba a sami abin mayar wa Garba ba. Na yi shekaru da sarƙa a ƙafa, muna haƙar ƙasa muna gyaran hanya, mutanen da suka san ubana suna wucewa suna kau da kai.

Da aka sake ni, na nemi gafarar Alhaji, ya yafe. Na sami Garba a wata bukkar zana a bakin ruwa, yana ɗinkin komar kamun kifi. Na durƙusa. Ya ce, "Nawa na yafe. Na Inna kuwa, sai ka tambaye ta." Ashe a bukkar nan sanyi ya kama ta, ta rasu tun ina ɗaure.

Na koma gonar ubana, na tuba, ban sake dillanci ba.

Samari, in za ku sayi gida, ku ga mai shi da idonku. Ku tambayi maƙwabta, ku je wurin mai unguwa da ƙafarku. Wanda zai tsaya muku gaban shari'a, ku zaɓe shi da kanku bayan kun bincika halinsa. Ku guji wanda ya tare ku a ƙofa, ya ce kada ku wahala. Kuma kada ku taɓa ɗan abin da ba naku ba, don da shi na fara.

Hukuma ta gama da ni tuntuni. Amma na tsufa yanzu, na kusa zuwa inda tsohuwar nan take, kuma har yau ban san abin da zan ce mata ba.